Tsallen Binta

Laraba, bayan isha'i

Malam, maigidana, ya aike ni makarantar su Binta a Kibiya in ce a cire ta daga wasan tsallake tebur, kada ta karye. Na tarar layi ya zo kanta. Ta sheƙo da gudu, ta doki katakon tsalle da ke gaban teburin da ƙafa biyu, tafukanta suka ɗan dafa teburin, sai ga 'yata a sama, ƙafafu a haɗe. Ta dira kan katifa, ko gezau ba ta yi ba. Ashe dalilin ƙujewar gwiwar da take ɓoye mini ke nan. 

Da na dawo Malam ya ce, "Kin faɗa musu?"

Na ce, "Malam, na kasa. Gobe ka je ka kalle ta. In ka iya, ka faɗa."