Ƙwaryata Ce Ta Cika

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Admin ka ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a Magariya zai gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, yau mai ba mutane dariya ne ya zo da kuka.

Ni ne shef, wato mai kula da ma'aikata, a wani wurin matsar man gyaɗa, na Alhaji ne, yayan matata. Allah ya yi ni da surutu, in na fara labari har jakin amalanke sai ya tsaya ya ji ƙarshe. Watan jiya Alhaji ya tura ni formasiyo, wato horon aiki, a Damagaram, aka koya mana a riƙa lura da duk abin da ke tsayar da aiki, a gyara kaɗan-kaɗan, kuma wai ma'aikaci ya fi shef sanin inda matsala take. Na dawo kai ya kumbura kamar kabewa. Da yake yawancin matan da ke mana aiki ba su yi lakkol ba, ba sa iya rubutu, sai na jera ƙore huɗu a bakin ƙofa, ta ɗaukewar wuta, ta lalacewar inji, ta jinkirin gyaɗa daga Kwaya, na ce duk sanda aiki ya tsaya a jefa tsakuwa cikin wadda ta jawo. Ta huɗun don wasa na ajiye, na ce wannan tawa ce. Aka yi ta dariya. Na kuma rantse a gabansu ba mai taɓa tsakuwar nan, har ni.

Jama'a, sati biyu ƙwaryata ta cika tana zuba, tsakuwar ciki ta isa daɓen masallaci. Ta wuta ko rabi ba ta kai ba. Iya Habsu mai suyar gyaɗa ta tarar da ni ina kallonta, ta ce, “Shef, in ka buɗe baki sai an kashe inji kafin a ji ka, ni kuma gyaɗata na ƙonewa. Macijin nan da ka kashe a Sassumbrum, kullum ƙara tsawo yake.”

Na gwada yin shiru kwana uku. Man da muka matsa har bidon da muke ɗura shi ya ƙare mana. Matata kuwa ta ɗauka jifa aka yi mini, ta karɓo rubutu.

To ga inda ta ɓaci. Tun ran farko na kira Alhaji na cika masa baki, ya ce Asabar ɗin ƙarshen wata zai zo, ƙwaryar da ta fi cika ko mene ne sanadinta sai ya kawar da shi daga wurin. Alhaji bai san wasa ba, ko a bikinsa ba a ga haƙorinsa ba. In na juye tsakuwar cikin ta wuta, na karya rantsuwa, kuma zai sayo injin wuta a banza. In na bari, shekara hamsin ba ni da sana'a sai baki, ga iyali.

Ɗazu na tara ma'aikatan in roƙe su su sa baki. Wallahi a taƙaice na yi niyya. Ban kai tsakiya ba na ji ƙwas, wata ta sake jefawa.

'Yan uwa, in juye ko in bari? Jibi ne Asabar.