Na goge layi ɗaya a disket ɗin Oga, yanzu kwatarmu za a rufe

Assalamu alaikum 'yan zaure. Admin don Allah ka sakaya sunana gaba ɗaya, ko harafin farko kada ka bari, domin mata masu taɓa kwamfuta a ofis a Yelwa ba mu da yawa, nan da nan za a gane ni. Don girman Allah ku ba ni shawara, kuma tun yanzu ina faɗa muku hannuna ba a wanke yake ba a wannan magana, sai dai ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina.

Ni 'yar masunta ce, an haife ni a wata tunga a bakin ruwa ta gefen Ngaski. Babanmu ya rasu, Inna tana nan tana sana'ar bandar kifi, yayyena maza biyu kamun kifi suke yi. Ni kaɗai na yi boko a gidanmu, na yi difloma a fannin ƙididdiga, na samu aiki a wani ofis mai lura da harkar kifi 'yan shekaru bayan an yanke jiharmu ta Kebbi daga Sakkwato. Muna da ma'aikata da ke tsayawa a kowace kwata, wato inda jirage ke sauke kifi, su auna abin da kowane jirgi ya kamo su rubuta a fom. Fom ɗin nan duka teburina suke zuwa, ni ke shigar da su a kwamfuta ɗaya tilo da muke da ita, wadda sai an lallashi janareto kafin ta tashi.

Shugaban sashenmu, bari in kira shi Oga kawai, mutum ne mai babbar riga da babbar murya. Digiri gare shi, amma wallahi in aka ce ya kwafi fayil daga disket sai ka ga gumi yana tsattsafo masa a goshi. Shekara huɗu muna tare bai taɓa kirana da sunana ba, taifis yake ce mini, wato mai buga takardu, ko a gaban baƙi, ke taifis kawo ruwa, ke taifis share tebur. Na haɗiye duk wannan, na ce aiki na zo yi.

Bara aka ce a fitar da rahoto a gwada kwata da kwata, a ga ina kifi ya fi, ina ya ragu. Oga ya jefo mini aikin ya tafi ɗaurin aure. To lambobin kamun kifi ba su da tarbiyya, wanda ya tashi a bakin ruwa ya sani. Yawancin kwanaki ɗan kaɗan ake samu, sai rana ɗaya jirgi ya faɗa kan garke ya dawo yana neman nutsewa, lambar ranar nan guda sai ta danne duk sauran. Gwajin da ake so a yi kuwa ba ya karɓar lambobi masu karkata haka, sai an fara daidaita su. Yadda ake yi shi ne a ɗora kowace lamba a kan abin da muke kira pawa a lissafi, ana gwadawa har a samu wadda ta dace. Na gwada pawa rabi, zanen ya ci gaba da jan wutsiya. Na gwada wasu, ba su yi ba. Wadda ta zauna daram ita ce pawa mainos ɗaya, ma'anarta kawai a raba ɗaya da kowace lamba.

Nan wahalata ta fara. Sai in shigar da tulin fom, furogiram ɗin ya ƙirga ya ba ni ƙasa da abin da na sa, a wasu layukan maimakon lamba sai ɗigo. Ba gargaɗi, ba komai, ɗigo kawai, ya watsar da layin ya wuce abinsa. Sati uku ina fama. Na ce ko bairos ce, na sake shigar da komai daga farko har yatsuna suka yi tsami. Na je wa Oga da maganar, ya ce hannun taifis ne, in daina hira ina aiki. Daga ƙarshe na baje fom ɗin a ƙasa, ina bin kowane ɗigo ina neman takardarsa, sai na ga duk inda ɗigo yake rana ce da jirgi ya fita ya dawo wayam. Sifili ke nan, kuma ba a raba lamba da sifili, shi ya sa kwamfutar take zubar da su shiru. Wallahi sai da na ji ƙwalla, domin ni na san ranar nan, ita ce ranar da ba a hura wutar banda a gidanmu, kuma ita ce ainihin labarin da rahoton ya kamata ya bayar. Na ƙara ɗaya a kan kowace lamba kafin a ɗora pawa, ɗigon nan suka ɓace.

Na ɗauka na gama, sai amsa ta fito ta ce kwatar tungarmu ce ta fi kowace talaucin kifi. Dariya na yi ni kaɗai, don ko makaho a kasuwar Yelwa ya san daga gefenmu manyan kwanduna ke zuwa. Na zauna da biro da takarda. In ka raba ɗaya da goma, ɗan mitsitsi za ka samu. In ka raba ɗaya da biyu, rabi ne, ya fi wancan girma. Ashe pawa mai mainos juya komai take yi, babba ya koma ƙarami, ƙarami ya koma babba. Sai na rubuta layi ɗaya a ƙarshen fayil ɗin umarni, wanda zai mayar da su daidai kafin a buga zanen. Layi ɗaya tak, amma ba don shi ba duk aikin a kife yake.

Rahoto ya fito da bango mai sheƙi, sunan Oga shi kaɗai a kai. A shafin godiya har direba an gode masa, ni ko taifis ɗin ma ba a rubuta ba. Bayan wata biyu aka aiko da gurbin kwas na wata shida a Ibadan, aka ce na wanda ya yi lissafin rahoton ne. Shi ya tafi. Da na je na same shi cikin ladabi na ce Oga ai ka san wanda ya yi aikin nan, sai ya daka mini tsawa, ya ce 'yar masu ƙarnin kifi ce za ta koya masa aiki, washegari na tarar da takardar tuhuma a teburina wai na yi wa na gaba rashin kunya. Tana cikin fayil ɗina har yau. Ban yafe ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ina ƙoƙarin yafewa ba.

Da ya dawo da satifiket da sabuwar jaka, sai ya ce daga yanzu shi da kansa zai riƙa lissafi tunda ya yi kwas, in miƙa masa disket mai fayil ɗin umarni, ni kuma an mayar da ni rajista in riƙa buga wa wasiƙu hatimi. Ranar da zan miƙa, da azahar kowa ya fita salla, na sa disket ɗin a kwamfuta na goge layin ƙarshen nan. Kwafin asali yana nan a wani disket nawa, wannan kuwa na miƙa masa da ya dawo daga salla. Na san ba ya karanta umarni, dannawa kawai yake yi ya tsaya a kan firinta yana kallon dogon sanda da gajere a jikin zanen. Na kuma san kwatarmu ce za ta faɗo ƙasa, ban damu ba, don a zatona takarda ce zai kai taron ƙara wa juna sani a Birnin Kebbi, wani masani ya miƙe ya tambaye shi wace pawa ya yi amfani da ita, ya tsaya yana inda-inda a gaban jama'a. Abin da nake so ke nan, kuma ranar na ci abinci da daɗi.

Sati biyu da suka wuce wata wasiƙa ta zo hannuna a rajista, ina ɗaga hatimi idona ya faɗa kan sunan tungarmu. Ashe wani kwamiti ne zai zauna ya rufe kwata ɗaya na wata uku lokacin da kifi ke ƙwai, wadda kifinta ya fi ƙarewa, kuma sabon rahoton Oga za a bi. Na buɗe rahoton. Mutumin nan bai tsaya a zanen ba, shafi biyu ya cika yana bayanin dalilin da ya sa kifi ya ƙare a wajenmu, wai mutanenmu na amfani da raga mai ƙananan ido, wai ba sa jin magana, alhali ƙafarsa ba ta taɓa taka tungar ba. Wata kwata ta wajen Shanga kuwa, wadda ita ce jiragenta ke dawowa wayam, wadda take bukatar hutun da gaske, ya yaba mata ya ce a yi koyi da ita. Wata uku ba kamun kifi, a farkon damina, ga mutanen da ba su da rumbu. Na san gida-gida waɗanda ba za su kai ƙarshensa da tukunya a wuta ba, namu na ciki.

Na danne zuciyata na shiga ofishinsa, na ce Oga sakamakon nan kamar akwai gyara, a tambayi ko mai sayar da kifi ɗaya a kasuwa. Ya kwashe da dariya har da kiran na kusa su zo su ji, wai taifis ta zo kare danginta, wai kwamfuta ba ta ƙarya kuma ba ta da ƙauye. Daga baya na ji ya riga ni wajen darakta, ya ce kada a saurare ni in na zo, son kai ne. Kun ga inda ya ajiye ni. Duk abin da zan faɗa yanzu 'yar tungar ce ke magana, hujja ɗaya ta rage mini, in kawo nawa disket ɗin a jera da nasa a ga layin da babu. Kuma ana gani tambayar farko ita ce wa ya cire, mu biyu ne kawai muka taɓa riƙe shi, kowa kuma ya san shi bai iya cirewa ba.

Ranar Alhamis mai zuwa kwamitin zai zauna, da sarakunan ruwa da manya daga Birnin Kebbi. In na same shi a ɓoye na faɗa masa gaskiya, zai sa in gyara, ya sake buga rahoto, a sake tafa masa, sannan ya riƙe wuyana har in bar aiki, don na san halinsa. In na je wajen darakta, kora ce, ga tsohuwar tuhuma tana jira a fayil, shi kuma ya fita fes a matsayin wanda aka yi wa zagon ƙasa. Akwai kuma abin da zuciyata ke raya mini, wanda nake jin kunyar rubutawa amma don shi na zo. Tana ce mini in yi shiru ya miƙe gaban manya ya karanta, ya sa hannu, a rufe, masunta su tayar da ƙura, a kawo masu bincike daga waje su auna da idonsu, a tambaye shi yadda aka yi ya rubuta shafi biyu a kan abin da bai faru ba. A nan ba ya da taifis ɗin da zai ɗora wa, shi ya ce shi ya yi da kansa, har da satifiket. Wallahi in na tuna fuskarsa a ranar nan sai in ji sanyi a raina. Sai dai kafin a kai can an yi wata guda ko biyu jiragenmu na ɗaure.

Ranar Asabar na je gida. Labari ya riga ni, wani ma'aikacin kwata ya fesa musu. Na tarar da yayana babba yana ɗinkin raga bai ko ɗago ba, ya ce shi dai in an rufe zai gangara kudu neman ruwa, ya bar mata da yara. Inna tana gaban murhun banda tana juya tarwaɗa, ta ce in zauna kusa da ita. Ta ce, "Ke da ke cikin ofis ɗin, ba ki ga wanda yar rubuta wagga ƙarya ba? Mi munka yi mai?" Na ce Inna aikin manya ne. Sai ta ajiye abin juyin ta ɗaga hannu biyu, ta ce, "Wanda duk yas sa hannu nai ga wagga takarda, babba ko ƙarami, Allah shi isam muna, shi hana mai kwanciyar rai kamar yadda yah hana muna." Matan da ke wajen suka ce amin. Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Ɗiyata, ban ji bakinki ba."

Na ce amin, 'yan zaure. Da bakina na ce.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne har yanzu in na ji muryar mutumin nan a baranda yana kiran taifis, sai in ji zan iya jira. Yau Litinin, na shigo Birnin Kebbi kawo wasiƙu na tsaya a kafen intanet na rubuto muku, gobe zan sake leƙowa kafin in hau mota. Masana lissafi na cikinku, akwai hanyar da zan nuna rahoton nan a kife yake ba tare da an gane hannuna ba? In kuma babu, ku faɗa mini tsakani da Allah, wa zan fara zuwa in faɗa wa ni ce, darakta ko Inna?