Inna a Ɗakin Masu Aiki

Hamra, Jidda, Rajab 1403

Yaya Muntaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya aikin tashar jirgi?

Yaya, Inna ta zo ƙofar gidanmu don ta ga jikanta Hamad. Surukata, Sitti Sauda, ta ɗauka mai neman aiki ce, ta ba ta renonsa, Inna kuwa ta amsa. Ka san mijina Othman ya gaya wa danginsa tun kafin aurenmu cewa uwata ta rasu. Yanzu a ɗakin masu aiki take kwana, a gaban mutane ta kira ni Sitti, kamar ni ce uwargijiyarta. Don Allah ka zo ka tafi da ita.

Ƙanwarka,
Zubaidatu

Nuzla, Jidda, Sha'aban

Zubaidatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Na zo, mai gadinku ya tsayar da ni a titi. Inna ta fito, ta ce ba inda za ta, yaron ya saba da bayanta. Abin da ke hana ni barci shi ne iƙamarta, takardar izinin zamanta a ƙasar nan. Tun rasuwar Baba takardar ta mutu, ba kafilin da zai tsaya mata. In aka kama ta, sai a mayar da ita Damagaram, inda ba wanda ya san ta yanzu. Ke kika san mutanen gidanki, ki kula.

Wassalam,
Muntaka

Hamra, Ramadan

Yaya,

Barka da shan ruwa. Abin ya ɓaci. Ana buɗe baki da manyan baƙi, Hamad ya miƙa hannu ya ce "Kaka, ruwa" da Hausa. Sitti Sauda ta daɗe tana kallon fuskar Inna, sannan ta kalli tawa. Ta ce bayan Sallah za ta kira jawazat, jami'an shige da fice, su duba takardun masu aiki. Na roƙi Othman, ya ce magana ta ƙare, in na yi magana na kashe aurena da kaina. Ko takun mutum na ji a bene, sai in ɗauka su ne. Me zan yi?

Ka yi mana addu'a,
Zubaidatu

Hamra, Shawwal

Yaya,

Salamu alaikum. Sitti Sauda ta ɗaga waya za ta kira jawazat, na riƙe mata hannu na ce: "Uwata ce."

Ta ajiye wayar. Ba a kira kowa ba, amma zamana a gidan nan ya ƙare. Ka share mana ɗaki, muna tafe ni da Inna kafin la'asar.

Hamad yana sama, sun hana ni shi, sun kulle ƙofa. Ina jin kukansa.

Ka huta lafiya,
Zubaidatu