Hannu Biyu Cikin Goma Sha Shida

Salford, Manchester
Litinin, 12 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara mata sauƙin ƙafar nan, Ya bar mana ita. Mu ma nan lafiya lau. Uwargida Khaulat ta kusa gama karatunta, 'yarmu Shifa kuma ta cika shekara biyar, sai surutu da Turancin mutanen Salford wanda ni kaina sai na kasa kunne nake ganewa. Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali kusan kullum muna waya. Abin da ke raina ne na kasa faɗa da baki. Sau uku ina kiranki da niyyar faɗa, sai in ƙare da tambayar zafin Kano.

Yaya, hotunan nan huɗu da na aiko wa Hajiya, ni da ƙaninmu Bara'u cikin kayan ƙwallo, waɗanda take nuna wa duk wanda ya shigo gida tana cewa ga 'ya'yanta can kansu a haɗe, to ƙarya ce na shirya. Hoton ƙungiyoyi biyu ne da ake ɗauka bayan wasa. Ni nake kutsawa in tsaya kusa da shi, daga baya in yanke sauran mutanen. Shekara biyu ke nan Bara'u ba ya ɗaga wayata, ba ya amsa saƙona. Daga nan zuwa Birmingham bai kai awa biyu a jirgin ƙasa ba, amma ban san ko wane launi ne ƙofar gidansa ba.

Dalilin kin san rabinsa. Lokacin da jikin Baba ya tsananta, kin gaya mini yana ta kiran sunan Bara'u, kika ce in sanar da shi. Ni kuma da wayona na babban wa, na duba na ga saura kwana tara ya yi jarrabawar ƙarshe, sai na ce masa jikin da sauƙi, ya gama tukuna. Kwana huɗu Baba ya ƙara. A wurin zaman makoki ya ji maganar kiran sunan daga bakin Kawu, ya juyo ya dube ni sau ɗaya, shi ke nan. Da na sani ƙeya ce, Yaya. Wallahi har yau idan na tuna kallon nan sai abinci ya fita raina.

To ga yadda ƙwallo ta shigo ciki. Akwai gasar da ɗaliban manyan digiri na jami'o'i suke bugawa ranakun Laraba, ƙungiya goma sha shida. Ni ina buga wa tamu ta Manchester baya, shi yana buga wa ta Birmingham gaba, shi ne ma kyaftin ɗinsu. Sau biyu muke haɗuwa a shekara, su zo, mu je. Kafin a take wasa akan jeru a gaisa hannu da hannu, a nan nake yi masa sallama. Kin san Bara'u da riƙon addini, duk fushinsa ba zai ƙi amsa sallama ba. Yakan amsa can ƙasan maƙoshi, idonsa a kan takalmina. Amsar sallama huɗu, su ne duk abin da na ji daga bakin ƙanina a shekara biyu. Daga nan sai in yi minti casa'in ina binsa a fili kamar jela, yana wuce ni yadda ya ga dama. Shekarata talatin da bakwai, gwiwata har ƙara take yi, likita ya ce in haƙura da gudu. Khaulat tana yi mini tsiya wai na zama tsohon zakara, ba ta san abin da ke kai ni ba sai kwanan nan.

Yanzu kuma an zo za a raba gasar gida biyu. Ƙungiyoyin Manchester da Leeds da Liverpool da makwabtansu rukuni ɗaya, su Birmingham da Coventry da Leicester da nasu makwabtan rukuni ɗaya, kowa ya buga da na kusa da shi. Ba za a sake haɗuwa ba sai zakaran wannan rukuni da na wancan, a wasan ƙarshe. Mu da muke na biyu daga ƙasa, ina mu ina wasan ƙarshe! Kuma tsakani da Allah masu shawarar suna da gaskiya. Mutum zai bar ɗakin bincikensa tun safe, ya wuni a mota saboda wasa ɗaya, ya dawo bai tsinana komai ba. Ni kaina na sha yin mita a kan haka.

Shekaranjiya Asabar aka yi taron yanke hukunci a wani ɗaki a Oxford Road, nan Manchester, kowace ƙungiya ta turo wakili ɗaya. Ni na nemi a tura ni, 'yan ƙungiyarmu suka ce in zaɓi duk abin da na ga dama, su dai ko ina aka kai su kashi za su sha. Na ɗauka Birmingham za su turo Jedidiah, wani ɗan Jos da ya saba zuwa musu taro. Ina shiga sai na ga Bara'u zaune a bakin taga. Ya rame, Yaya, ko kuma ni ne ban taɓa ganinsa a zaune ba tun rasuwar. Na yi sallama ga ɗakin gaba ɗaya, na ga leɓensa ya motsa.

Da aka ba ni dama na miƙe na yi ta zuba. Na ce gasar za ta rasa armashi, na ce ba a rushe abin da aka saba, har tarihi na kawo na gasar da ba ta wuce shekara shida ba. Shugabar taron, wata baiwar Allah mai suna Zoe, ta saurare ni da haƙuri, sannan ta tambaye ni ko akwai wata asara takamaimai da ƙungiyata za ta yi idan aka raba. Me zan ce? In ce a ci gaba da wahalar da mutum ɗari uku a hanya domin ƙanina ya amsa mini sallama? Na zauna, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka ce masu son a raba su ɗaga hannu, aka ƙirga goma sha huɗu. Aka ce waɗanda ba sa so. Na ɗaga nawa kaina a sunkuye, don na san ni kaɗai ne. Sai na ji Zoe ta ce biyu. Na ɗago. Hannun Bara'u ne a sama, fuskarsa na kallon motocin da ke wucewa a titi. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ana tashi ya ɗauki jakarsa ya fita, kafin in ƙetare kujeru in sauko ya hau bas.

Jiya Jedidiah ya kira ni yana faɗa. Ya ce ai su ne suka fi kowa shan wahalar tafiya, kuma gaba ɗayansu sun amince a raba, Bara'u da kansa ya roƙa a bar shi ya zo a madadinsa, sai ga abin da ya yi. Ya ce yaran sun fusata, har ana maganar karɓe kyaftin daga hannunsa, kuma sun tambaye shi dalili ya ƙi cewa uffan. Jedidiah ya tambaye ni ko mun haɗa baki ne, tunda 'yan'uwa muke. Dariya ta zo mini, sai hawaye ya riga ta.

Ban san fassarar hannun nan ba, Yaya, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Ko yafiya ce ta fara tsirowa, ko kuwa shi ma Hajiya yake tausayi saboda hotunan, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne an raba, babu sauran Laraba, babu layin gaisawa da zan fake a bayansa. Shekara biyu ina jiran alƙalin wasa ya tsayar mini da ƙanina a gabana, ban taɓa taka ƙafa na je na ce masa na yi laifi ba. Na karɓi adireshinsa a wurin Jedidiah, wani gidan haya ne na ɗalibai a Selly Oak, bayan shagunan Bristol Road. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan je in ƙwanƙwasa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba, domin a fili dole ya miƙo hannu, a gidansa kuwa babu wanda zai sa shi buɗe ƙofa.

Roƙona biyu ne. Kada ki kira shi ki yi masa faɗa, ni ne mai laifi. Kuma kafin takardar nan ta iso ki, Asabar ta wuce, don haka ki duba wayar Hajiya. Idan kin ga hotonmu babu kayan ƙwallo, ki yi mana hamdala. Idan ba ki ga komai ba, ki zauna kusa da ita ranar da zan kira, domin da bakina zan gaya mata gaskiyar waɗancan hotuna huɗun.

Ki gaishe mini da Hajiya da kyau, ki ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Ki gaida maigidanki Malam Sunusi, da Kawu, da Nana A'isha da Habu, Allah Ya yi musu albarka. Khaulat da Shifa suna gaishe ku. Wannan karon ba zan rubuta cewa Bara'u yana gaisuwa ba, sai na ji daga bakinsa.

Wassalam, ni ne ƙaninki,
Aminullahi