Koren Wake a Kan Akwatin Orest

Winnipeg, 19 ga Janairu

Zuwa ga Yayata Halyna,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida Taras da yara. Allah ya ƙara masa sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu ma lafiya lau, 'yata Solomiya ta samu aikin jinyar da take nema. Sanyi ne kawai yake neman gamawa da ni, kuma rabinsa ba daga waje yake shigowa ba, aikin mijina ne.

Kin san Orest tunda ya yi ritaya ba shi da zance sai tsadar gas. To bana shi da maƙwabcinmu Wendell gasa suka shiga, wai a ga wanda zai fi rage ƙona gas kafin sanyi ya wuce. Ya bi tagogi ya manna musu leda, ya ƙwace na'urar busar da gashina yana hura wa ledar iska mai zafi har ta miƙe. Ya toshe ƙasan ƙofofi da tsofaffin safana. Duk na haƙura. Amma Yaya, ranar da ya sauke ma'aunin zafin nan na bango, mai tayar da hitar gida, zuwa digiri goma sha huɗu, ya kifa masa akwatin roba, ya ɗana kwaɗo, ya rataya makullin a wuya, na ce masa anya kansa ɗaya kuwa? Ya ce in ƙara rigar sanyi. Na ce uku ce a jikina, in na ƙara ta huɗu hannuna ba zai kai bakina ba. Wai sai ya ce madalla, an samu sauƙin cefane ke nan. Ji mutum!

Ni dai zan jure. Abin da ya tayar mini da hankali bishiyar lemun tsamin Mama ce, wadda ta shuka a gwangwani, ita kaɗai ta rage mini daga hannunta. Kullum safiya sai na share ganyenta a ƙasa. Wallahi har kuka na yi.

Noreen matar Wendell ce ta raɗa mini dabara. Ta ce in ɗauko ƙunshin koren wake daga firiza in ɗora a kan akwatin, ma'aunin zai ɗauka gidan ya daskare, hita ta tashi. Haka kuwa aka yi! Da ya fita kwashe ƙanƙara sai in ɗora, kafin ya shigo in jefa waken a tukunya. Ya riƙa shigowa yana murza hannu, yana cewa in ji yadda ledarsa take aiki. Mako uku muna cin wake, bawan Allah bai taɓa tambaya ba.

Ranar Talata na dawo daga wurin likitan haƙori da wuri. Me zan gani? Orest tsaye, ya danna ƙunshin wake a kan akwatinsa da hannu biyu, makulli na lilo a wuyansa. Ya jawo bishiyar kusa da inda zafi ke fitowa, ya naɗe gwangwaninta da mayafin wuyansa, yana lallashinta wai ta daure, Mama da ta shuka ta, shekara talatin tana ciyar da shi, ba zai zama shi ne ajalin bishiyarta ba. Da ya gan ni sai ya ce dubawa yake ko waken ya lalace. Can kuma, a hankali, ya roƙe ni kada Wendell ya ji. Ban yi masa dariya ba, Yaya, hawaye ne suka zo mini.

Kwaɗo yana nan daram, kuma babu wanda ya sake ɗaga maganar. Jiya ya dawo daga kanti da ƙunshin wake shida. Bishiyar Mama ta fitar da sabon ganye biyu.

Ki gaishe mini da Taras, da Lubomyr da amaryarsa, da Goggo Stefania. Orest ma yana gaisuwa. Don Allah in kin kira kada ki ambaci wake.

Ƙanwarki,
Lesia