Maganin da Ya Tsare Ni a Wurno

Wurno, 6 ga Janairu

Zuwa ga maigidana, Baban Kamila,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lahiya, kai da Inna da ɗiyarmu. Ya aikin albasa? Na zaɓi rubutu don in na ji muryarka a waya kuka nike, in manta abin da zan ce.

An gano ciwon. Likitan jini na Sakkwato ya ce jikina ne da kansa ke fasa jinina, shi ya sa bawalin sahe ke hita ja wur kamar ruwan soɓorodo, shi ya sa kuma ƙarin jini huɗu da anka yi min bai zauna ba. Ya ce cikin shekarunsa na aiki mu uku kaɗai ya taɓa gani da shi. Akwai magani, ana sa shi cikin ƙarin ruwa duk mako biyu, kuma an sa ni cikin waɗanda za a ba. Sai da anka yi min rigakahin sanƙarau tukuna, don maganin shina rage ma jiki ƙarhin kare kansa daga wannan cutar. Sharaɗinsu in zauna kusa da asibiti da bakin hanya. Ka san daga ƙauyenmu bayan madatsar Goronyo, in ruwa ya sauka ko kabu-kabu ba ya hitowa. Don haka zan zauna nan gidan Gwaggo Kulu.

Ɗakin da ta ba ni shina da kyau, amma ban saba kwana babu ƙahwar Kamila bisa cikina ba. Shin tana nemana? Ka gaida Inna, ka ce ta yi haƙuri da ɗawainiya.

Taka,
Mashkura

Wurno, 29 ga Maris

Baban Kamila,

Bayan gaisuwa da tambayar lahiyarku, ya zahin wanga wata? Na ga albasar da ka aiko, Gwaggo ta sa albarka.

Maganin shina aiki. Wata biyu ba a ƙara min jini ba. Jiya na daka gero da hannuna har Gwaggo ta amshe taɓaryar.

Sai dai akwai abin da na ɓoye maka. Fatimatuzzahra, wata 'yar garin Rabah da muke karɓar magani gado da gado, Allah Ya yi mata rasuwa. Ta ji sauƙi kamar ni, kewar 'ya'yanta ta dame ta, ta koma ƙauyen mijinta. Masassara ta kama ta ranar Laraba, sunka ɗauka ta sauro ce. Ba su iso asibiti ba sai Juma'a, wuyanta ya riga ya sandare. An yi mata rigakahi kamar ni. Na tambayi likita mi ya sa, ya ce rigakahin shina rage haɗari, ba ya kawar da shi duka. Ya ce inda anka fara gwada maganin asibiti na kusa da kowa, shi ya sa suke rubuta duk abin da ya same mu nan, don a san yadda shike ga mutane irinmu.

Ita ce ta koya min kau da kai lokacin da ake neman jijiya. Kuma gaskiya, mako guda kahin rasuwarta ni ma na haɗa kayana zan taho gida. Yanzu na kwance su.

Ina kewarka ƙwarai. Ka yi mata addu'a.

Mashkura

Wurno, 18 ga Yuni

Maigidana,

Da fatan kun ga damina lahiya. Takardarka ta iso, na karanta har sai da ta fara yagewa wurin ninki.

Na warware daga masassarar da ta tsorata ka. Da na ji jikina da zahi ban jira ba, Gwaggo ta kai ni asibiti nan take. Ta sauro ce, alhamdu lillahi. Na tambayi likita ko zan iya aje maganin in koma gida. Ya ce in na aje shi ciwon na iya dawowa da ƙarhi hiye da da. Ke nan zamana kusa da hanya ba na wata shida ba ne kamar yadda munka zata.

Da Inna ta kawo Kamila, kwana biyu tana ɓuya bayan zanenta, ba ta yarda in taɓa ta. Rana ta uku ta zo da kanta ta zauna gabana in yi mata kitso. Na yi shi a hankali don kada ya ƙare da wuri.

Ban taɓa iya roƙonka ka bar gonar mahaihinka ba, shi ya sa ban ce komi ba duk watannin nan. Yanzu ka rubuto cewa ka bar ta hannun ƙanenka Sa'adu, ka samu fadamar aro a Kwargaba, nan kusa da Wurno. Na san yadda wannan ya yi maka nauyi, don ko layi biyu ba ka cika a kai ba. Allah Ya saka maka.

Cikin takardarka ka tambaye ni mi da mi za ka ɗauko. Turmina da akwatin Kamila sun isa, sauran a bar ma Inna. Ranar Talata ina Sakkwato wurin ƙarin ruwa, don haka ku taho Laraba. Ina so ku iske ni tsaye bakin ƙohwa.

Matarka,
Mashkura