Ni da Atikun Maiyama

Lahadi, 2 ga Fabrairu, 2025
An kafe jadawalin gasar tanis ta shiyyarmu, Jega da Aliero da Maiyama. Kofi bakwai gare ni. Baba Hamma ma bakwai, tun zamanin raket na katako. Guda nake nema in wuce shi, guda tal. Atikun Maiyama na da biyar, kuma duk a hannuna ya ƙwace su. Tun muna samari ba a ga wasan ƙarshe ba sai ni da shi. Bana an haɗa mu a wasan kusa da na ƙarshe.

Laraba, 5 ga Fabrairu
Gwiwa ta kumbura. Likita ya ce, "Malam Sirajo, in ka ƙara tilasta mata, sanda za ka riƙe." Na roƙe shi allurar kashe zafi, ya ƙi. Na samu a wani wuri.
Matata Asabe ta ga kwalbar. "Mi kaka nema, Baban Mufida? Kofunan ga suna bisa kabad suna tsatsa, wa suka ciyar?" Shekarata arba'in da uku, in ba bana ba, ba sauran wata bana.

Asabar, 8 ga Fabrairu
Na je Aliero sarin albasa, na leƙa filinsu. Ɗalibin da ake ta zancensa, Bashar, yana atisaye. Hannu biyu yake bugu ta baya, ƙwallo na ƙara kamar an fasa buhu. Bai yi ko zufa ba.
Baba Hamma na zaune gindin darbejiya. Ya dube ni ya yi dariya. "Yadda kaka kallon yaron ga, haka nik kalle ka ranar da kaz zo."
Na ɗauki albasata na koma Jega.

Talata, 11 ga Fabrairu
In Atiku ya ja ni wasa kamar yadda ya saba, ba gwiwar da zan kai wa Bashar washegari a wasan ƙarshe. A sujada na ce, Ya Allah ka kawar min da Atiku daga hanya. Haka na faɗa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu
Atiku ya faɗi a aji yana koyarwa. Shanyewar ɓarin jiki. Hagu, hannun da yake wasa da shi.
Da aka faɗa min, abin da ya fara zo min sauƙi ne. Kafin tausayi. Astagfirullah. Ba haka nake nufi ba, wallahi ba haka ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu
Na tsaya a fili ni kaɗai, alƙalin wasa ya kira sunan Atiku, shiru, ya ce na wuce. Mutanen Maiyama ba wanda ya zo. Na daɗe ina kallon ɗaya gefen raga.

Lahadi, 16 ga Fabrairu
Na yi allura biyu. Zagayen farko na riƙe Bashar da dabara, gajeren bugu, dogon bugu, har jama'a suka miƙe suna kiran sunana. Ya cinye da ƙyar. A na biyu ya jefa ƙwallo kusa da raga, na ruga, sai na ji ƙas a gwiwa. Siminti kawai na gani.
Bashar ne ya tsallako raga ya ɗaga ni. "Sannu Baba. Tun ina firamare nake hawa katanga in kalle ku da Malam Atiku." Baba. Ni.
Bakwai ke nan har abada. Da na juya neman wanda zai yi min dariyar mugunta, babu Atiku.

Laraba, 19 ga Fabrairu
A zaune nake salla. Asabe ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, gara ma ta ce.

Lahadi, 23 ga Fabrairu
Na sa an kai ni Maiyama. Ban taɓa shiga gidansa ba sai yau. Yana kwance a tabarma, baki ya karkace. An ce ya riƙa matsa wani abu a hannun, sai na ba shi tsohuwar ƙwallo daga aljihuna. Yatsun suka ƙi rufuwa. Na riƙe masa su da nawa.
Ya dubi sandata, ya dube ni. Da ƙyar maganar ta fito: "An ce yaro ya kashe ka."
Na ce, "Kai da ka gudu fa?"
Muka yi ta dariya har matarsa ta leƙo. Ban iya faɗa masa addu'ar da na yi ba. Na dai ce Allah ya ba shi lafiya, kuma ban taɓa roƙon kofi da irin wannan zuciyar ba.
Jibi zan koma. Akwai albasa mai kyau wajen ƙauyen Sarandosa, hanya ce kawai ta bi ta ƙofarsa.